Iya Kolade da Jirgin Ranar Talata

Shekara goma sha tara ke nan ina ɗinki a shagon da ke ƙofar gidan Iya Kolade a Dopemu, kuma da wuya a kai ƙarshen hira a layinmu jirgi bai katse ta ba. Idan ya sauko zai shiga filin jirgin da ke kusa da mu, mai magana sai ya dakata, ya jira rugugin ya wuce, ya ɗora daga inda ya tsaya. Liman haka yake yi, fasto haka, har mai tallan burodi. Babu mai ɗaga kai. Ita ma da can ba ta ɗagawa.

Sunanta Abeke, 'yar Saki ce, mahaifinta maƙerin tukwanen ƙarfe. Ta ce mini tun tana yarinya ake yi mata faɗa a kan yawan tambaya. Akwai ranar da ta bi wata motar doya a ƙafa har bayan gari don kawai ta ga ta wace hanya za ta juya, aka yi ta nemanta har la'asar. Ta zo Legas tana 'yar shekara ashirin, ta yi aikin buga tafireta a wata maɗaba'a a Mushin, ta auri wani bakanike mai sanyin hali wanda ya rasu ya bar mata gida da ɗa guda. Da kwamfuta ta kori tafireta sai ta koma kiwon kaji masu ƙwai a bayan gida, ɗari biyu da 'yan kai.

Kajin ne suka jawo komai. Wata shekara ƙwai ya ragu, mai sayar mata da abincin kaji ya ce ai ƙarar jirgi ce ke firgita su. Ba ta yarda ba, domin a cewarta kajin nan a cikin ƙarar suka tashi, amma ba ta so ta ƙaryata mutum da baki kawai. Ta sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ta ja layi a tsakiya, gefe ɗaya lokacin da kowane jirgi ya wuce, ɗaya gefen yawan ƙwan da ta kwasa. Wata uku tana yi. A ƙarshe ta gano babu ruwan jirgi, abincin ne aka cika masa dusa, ta canza mai sayar mata. Magana ta ƙare ke nan, sai dai littafin bai ƙare ba. Wata ukun nan sun buɗe mata kunne. Ta fara ce mini wannan mai shewa ne, wancan mai gurnani, wannan kuma kamar ana jan buhu a kan siminti. Takan leƙo shagona da kwandon ƙwai a hannu ta ce mai gurnanin ƙarfe tara bai zo ba yau, ko lafiya? Ni dai sai in ce Allah ya sa lafiya, in ci gaba da taka kekena.

Ɗanta Kolade ma'aikacin jinya ne a Ingila. Da ya zo hutu ya ga littattafai uku cike da lokuta, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya karɓi wayarta ya saka mata wata manhaja. Taswira ce, ƙananan jirage suna tafiya a kanta kamar tururuwa. Idan ka taɓa ɗaya sai ya nuna maka inda ya fito, inda za shi, nisansa daga ƙasa, irinsa, har da shekarunsa. Nufinsa ta bi jirginsa ranar komawa don hankalinta ya kwanta.

Ranar farko a bencin shagona ta wuni. Mai shewa ya wuce, ta taɓa shi, ta ce ashe daga Fatakwal yake zuwa. Mai jan buhu ya wuce, ashe shekararsa ashirin da uku. Ta manta da miyar da ta ɗora, sai ƙauri muka ji. Kolade kuwa ya yi nadama tun kafin ya ɗauki jakarsa a can, domin yana kunna waya kiranta ya shigo. Ba ta tambaye shi gajiya ba. Cewa ta yi ta ga jirginsu ya zaga sau biyu a kan wani gari kafin ya sauka, me ya faru? Ya ce barci yake yi. Ta ce wannan asara ce, a ba mutum kujera kusa da taga ya kwana.

Ba a daɗe ba ta lura cewa wasu jiragen sukan ɓace daga taswirar idan sun yi ƙasa sosai, alhali ga su a kanmu muna toshe kunne. Ta sa tabarau ta bi bayanan manhajar tana karantawa layi-layi, yadda ta saba duba kuskure a maɗaba'a. A nan ta gano cewa kowane jirgi yana tafe yana sanar da lambarsa da inda yake ta iska, kuma mutane ne irinmu, a gidajensu, suke kafa 'yar na'ura da eriya suna kamawa suna tura wa manhajar. Inda babu mai kamawa a kusa, nan jirgi ke ɓacewa. A Turai, in ji ta, kusan kowace unguwa akwai wani mai wannan sha'awa. A nan kuwa 'yan tsiraru ne.

Kolade ya aiko da na'urar ta hannun wata mai zuwa gida, 'yar akwati ce da ba ta kai sabulun wanki ba. Eriyar ce ta karye a hanya. Iya ba ta jira wata ba. Ta samo zanen yadda ake yin ta, ta tafi wurin Baba Rasaki mai gyaran rediyo a bakin titi, wani tsoho mai kunne ɗaya da rabi wanda aikinsa ya ja baya tun da kowa ya koma waya. Abin da ake buƙata gwangwanin madara ne da guntun wayar tagulla, amma dole tsawonta ya zama daidai, santimita bakwai saura ƙiris. Tef ɗina na awo aka ara. Ta sa shi ya yanke sau huɗu kafin ta yarda.

"Iya, shekara arba'in ina kamo Landan da Moskow a cikin akwati," in ji shi yana hura dalma. "Ban taɓa zaton zan tsufa ina farautar jirgi da gwangwanin madara ba."

"Ku dai ku miƙar da ita, Baba. Ta karkace kamar hularku."

Aka ɗaura gwangwanin a kan gora, aka kafa a jikin tankin ruwa, aka haɗa na'urar da batirin solar da ke ba kaji haske. Ranar ta kira ni ɗaki in gani. Jirage goma sha ɗaya ne a fuskar tsohuwar kwamfutar Kolade, kuma ta ce duk gwangwaninta ne ya jiyo su, har da wani da ke can saman teku.

Kwana uku bayan nan Cif Fagbemi ya zo. Shi ne shugaban ƙungiyar masu gidaje na layinmu, mai bene hawa uku a ƙarshen layi, mutum mai son a san shi ne. Ya tsaya a tsakar gida da babbar rigarsa ya ce an kawo masa ƙara. Wasu sun ce abin yana jawo tsawa, wasu sun ce leƙen asiri ne, kuma idan jami'an tsaro suka zo duk layin za a kwashe. Iya ta kawo masa kujera da ruwa, ta bayyana masa cewa abin ba ya aika komai sama, saurare kawai yake yi, kamar rediyon da ke ɗakinsa. Game da tsawa kuwa ta ce ai shi mai hawa uku shi za ta fara gaisarwa.

"Iya Kolade, ku da ko matakalar jirgi ba ku taɓa takawa ba, me ya haɗa ku da shi?"

"Cif, ku da kuka hau sau goma, inji nawa ne a wanda kuka shiga bara?"

Ya buɗe baki, jirgi ya wuce, ya yi amfani da damar ya gyara hula. Da ƙarar ta lafa sai ya ce zai kai maganar taron ƙungiya, ya fita. An tattauna a taron, ba a cimma komai ba, gwangwani ya zauna.

To a cikin wannan hali ne maganar jirgin ranar Talata ta taso. Duk Talata, wajen ƙarfe goma na safe, akwai wani jirgi da ke saukowa wanda ko ni da ban damu ba na san shi, domin almakashina yakan yi rawa a kan tebur. Ƙato ne, fari fat babu rubutun kamfani, ba shi da tagogi, injinsa huɗu. Amma idan Iya ta taɓa shi a waya, sai manhajar ta ce ƙaramin jirgi ne mai kujera takwas, mai farfela ɗaya. Har da hoto, wani ɗan abu ja kamar na wasan yara.

Da farko ta ɗauka yatsanta ne ya taɓa wani. Talata ta biyu ta kula sosai, babu wani jirgi a kusa. Talata ta uku ta duba a kwamfuta lambar da gwangwaninta ya kamo, ta rubuta, ta bincika a rumbun bayanan da manhajar ke ɗebowa, ya sake cewa mai kujera takwas. Abin ya tsaya mata a rai. Tana tsintar ƙwai tana maganarsa, tana zaune a coci, in ji ta, tana tunaninsa. Ko dai jirgin ƙarya yake yi, ko rumbun bayanan ne ya yi kuskure, kuma kowanne daga ciki tana so ta san dalili.

Rumbun bayanan 'yan sa-kai ne ke kula da shi, kuma akwai wurin kai gyara. Ta zauna ta rubuta wasiƙa da Turancinta na maɗaba'a, da gaisuwa da komai. Amsa ta zo daga wani Bature ɗan ƙasar Holan mai suna Wouter, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya, wanda ita take kira Baba Wota. Layi biyu ya rubuto. Ya ce bayanin da ke rumbun daga takardun hukuma aka ɗauko shi, kuma sababbin shiga sukan rikita jirgi da jirgi. Ta mayar masa cewa ta san wannan jirgin da kunne tun kafin ta san manhajar. Ya ce kunne ba hujja ba ne. Abin da zai karɓa shi ne hoto da ke nuna haruffan rajistar jirgin, waɗanda ake rubutawa a ƙarƙashin fiffike, tare da lokacin da aka ɗauka, don a gwada da abin da na'urarta ta kama.

Na zaci za ta yi fushi, amma daɗi ta ji. Ta ce mutumin nan ya san aikinsa, ita ma da ba ta taɓa barin a buga shafi don marubuci ya rantse ba.

Hoton ne ya zama aiki. Daga tsakar gidanta bishiyar mangwaro da wayoyin lantarki sun tare sama, jirgin yakan bayyana ya ɓace kafin ka ɗaga hannu. Daga titi kuma abin da wayar ke ɗauka wani farin tabo ne kawai. Baba Rasaki ya tono wani tsohon madubin hangen nesa da ƙanensa matuƙin jirgin ruwa ya bari, ido ɗaya ya fashe, ya manna murfin kwalba a jikin mai kyaun yadda kyamarar waya za ta zauna daidai. Da shi muka ɗauki hoton agogon masallaci daga nesa, har ana ganin tsatsa. Saura wuri mai tsawo wanda babu abin da ya tare shi, kuma a duk layinmu wuri ɗaya ne, rufin benen Cif. Iya ta ce ba za ta roƙe shi ba. Kusan wata biyu madubin yana rataye a ƙusa.

Sai wata Asabar da damina, hadari ya haɗu tun hantsi, aka yi ruwa da iska har kwanon shagona ya ɗaga. Wajen azahar na ga Cif da kansa yana tsallake kwata da lema, babu babbar riga. Matarsa ce ke dawowa daga Dubai inda ta je sarin kaya. Direbansa yana filin jirgi tun safe, an ce jirgin ya kusa, daga baya aka daina cewa komai, wayarta kuma a kashe. Ya tsaya a bakin shagona yana tambayata lafiyar tagwayena, waɗanda saboda su ake kirana Iya Ibeji, abin da bai taɓa tambaya ba, har dai na ce masa Iya tana ciki.

Ba ta ja masa rai ba. Ta tambayi lambar tafiyar, ta buga, ta juya masa wayar. Ga layin jirgin ya zo har kan Legas, ya zaga sau uku, ya miƙe yamma. Ta ce masa yana ƙasa a Akara tun minti arba'in da suka wuce, ya sauka lafiya, ruwa ne ya hana shi, kuma ba shi kaɗai ba, ga wasu biyu can tare da shi. Cif ya zauna a kujerar da aka ba shi ranar farko, ya goge fuska. Bai tafi ba. Yana nan har jirgin ya sake tashi wajen la'asar, yana bin sa da yatsa, yana tambayar me ya sa lambar tsawo ke raguwa, me ya sa ya lanƙwasa ta kan Ikorodu. Da ya wuce ta kanmu Iya ta ce masa ga Mama nan, wato matarsa, ya fita tsakar gida ya ɗaga kai cikin yayyafi.

Washegari aka aiko da mabuɗin rufin, da turmin atamfa.

Talata uku muka hau. Ni aikina in riƙe tawa wayar, wadda Iya ta tilasta mini saka manhajar, ina faɗin nisan jirgin, domin tata tana manne da madubi. Talatar farko iska ta juya, jirgin ya sauka ta ɗaya gefen filin, ko ƙyallinsa ba mu gani ba. Ta biyu ya zo daidai, amma hannunta ya yi rawa, muka sami hotuna tara na gajimare da ɗaya na taya. Ta zauna a kan bulo tana haki, ta ce ashe tsufa gaskiya ne. Cif, wanda ya ce ya hawo ne kawai ya duba tankinsa, ya ba da shawara a ɗora madubin a kan wani abu.

Talata ta uku na hawo da ƙarfen da nake rataye ɗinki, mai reshe biyu a sama, muka kafa shi tsakanin bulo biyu, madubin ya zauna a kai yana juyawa. Rana ta fito sosai. Cif ya riƙe mata lema, Baba Rasaki ya tsaya a ƙasa don gwiwarsa ba ta hawa bene. Goma saura minti shida na ga ɗan jirgin ja ya shigo taswira ta arewa.

"Iya, ƙafa dubu huɗu."

"Ki bar ni da dubu huɗu, Iya Ibeji. Sai ya kai dubu ɗaya da ɗari biyar."

"Ga shi can," in ji Cif, "ta kan eriyar gidan Alhaja."

"Na ji shi tun ɗazu. Ku dai ku riƙe lemar, kuna rufe mini ido."

Ban taɓa ganinsa daga sama haka ba. Ya taho a hankali kamar ba zai iso ba, tayoyi a sake, sai ga shi gaba ɗaya a kanmu, cikinsa duk zanen baƙin mai. Na ji rugugin a haƙorana. Iya ba ta motsa ba, yatsanta kawai ke bugawa. Da ya wuce muka koma inuwar tanki muka haɗa kai a kan wayar. Hoto na goma sha huɗu ne ya fito: fiffike, da haruffa biyar baƙaƙe, huɗu tsaf, na ƙarshe da ɗan hazo amma ana karantawa. Ta aika wa Baba Wota daga nan kan rufin, ba gaisuwa, hoton kawai da lokaci da lambar da na'urarta ta kama.

Kwana huɗu shiru. Ran na biyar ta shigo shagona ta zauna, ta sa tabarau, ta karanta mini tana fassarawa. Wannan karon wasiƙar doguwa ce. Ya ce ta yi gaskiya, shi ya yi kuskure. Ƙaramin jirgin ja ya daɗe da mutuwa, an farfasa shi shekara tara da suka wuce, hukumar ƙasar da ya fito ta ba wannan ƙaton lambarsa, amma babu wanda ya gyara a rumbun, domin ƙaton ba ya zuwa wuraren da masu kallo suka yi yawa. Ya gyara, ya sa hotonta, ya rubuta sunanta a ƙasa. Sannan, kamar mai biyan laifi, ya tono mata tarihin jirgin duka. An ƙera shi shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Ya yi shekara goma sha biyar yana ɗaukar fasinja a gabashin duniya, aka cire kujerunsa aka toshe tagogi ya koma ɗaukar kaya, ya yi shekara biyu a ajiye a wata hamada, ya canza hannu sau biyar.

Ta taɓa jirgin a waya Talatar da ta biyo, hotonmu ya fito, har da ɗan gefen lemar Cif a kusurwa. Cif ya sa an buga masa shi ya rataye a falo.

Na ɗauka ta huta ke nan. Sai ta ce yanzu ta san ko shi wane ne, amma ba ta san me yake kawowa ba, kuma wannan manhajar ba ta faɗa. Wata Talata ta ba kaji abinci da wuri, ta ɗaura gwaggwaro, ta hau mota zuwa sashen kaya na filin jirgi. Ba a bar ta ta wuce ƙofa ba, ita ma ba ta sa rai ba. Ta sami wata mai sayar da amala a gefen katanga inda masu dako ke cin abinci, ta sayi kwano guda ta zauna. Kafin ta gama ta san cewa jirgin suna kiransa Tsohon Soja, cewa yana kawo kwalayen magani da kayan inji, wani lokaci har da injin ɗin kansa, cewa yana komawa da citta da busasshen kifi da dodon koɗi, rabinsa fanko. Wani ya ce ya taɓa sauke dawakai shida daga cikinsa, sauran suka ce ƙarya yake yi. Matuƙan ba sa fitowa, awa uku suke yi su juya. Ta dawo da yamma da wannan duka, da kuma sabuwar damuwa: su wane ne ke cin dodon koɗinmu a can, kuma yaya yake isa da rai? Wannan har yau ba ta samu amsa ba, ko da yake ta tambayi Baba Wota, wanda ya ce ba fanninsa ba ne. Suna rubuta wa juna har yanzu. Ya aiko mata hoton jikarsa, ta aika masa hoton Baba Rasaki riƙe da gwangwani.

A bara ta fara wata magana. Duk jirgin da ya yi arewa maso yamma, in ji ta, yakan yi ta yankewa a taswira da zarar ya wuce Oyo, domin babu mai saurare a wannan yanki. Ta auna da tef ɗina a fuskar kwamfuta ta ga garinsu yana tsakiyar ramin. Ta sa Kolade ya aiko da wata na'urar, Baba Rasaki ya yi gwangwani na biyu, wannan karon sau ɗaya ya yanke. Ta bar wa wata maƙwabciya kaji, ta ce in raka ta, na rufe shago kwana uku.

Ƙanwarta Ajoke ce ke zaune a gidan mahaifinsu a Saki, mace mai sayar da garin rogo, mai kaifin baki. Ta tarbe mu da doya da man ja, ta saurari bayanin duka tana tauna, sannan ta ce ita tun da take a garin nan ba ta taɓa jin jirgi ba sai na gwamna lokacin zaɓe.

"Yaya, kun sha hanya tun daga Legas don ku kafa tarko a inda babu nama."

"Ki ba ni gora dai, da wanda zai hau."

"Baba ya yi ta faɗa, wannan yarinya wata rana za ta bi wani abu ta ɓace. Ashe sama za ku bi."

Wani maƙeri daga cikin 'yan uwansu ya hau ya ɗaura gorar a jikin tsohon bututun hayaƙin maƙera. Aka ɗauki lokaci ana fama da intanet, sai da muka ɗora wayar a kan taga. Wajen ƙarfe huɗu na yamma abu ɗaya ya bayyana a taswira, shi kaɗai. Iya ta taɓa shi. Daga Afirka ta Kudu yake, za shi Amurka, ƙafa dubu talatin da takwas, mutum kusan ɗari uku a ciki.

Ajoke ta ce wayar ce ke yi mana wasa. Iya ta kama hannunta ta ja ta tsakar gida, ta dubi wayar, ta dubi rana, ta juya ta ta fuskanci wajen dutse, ta ce ta duba sama da bishiyar kaɗanya. Mun daɗe ba mu ga komai ba. Can sai ga wani ɗan ɗigo mai ƙyalli, ƙanƙani kamar kan allura, yana jan farin zare a bayansa. Babu ƙara ko kaɗan.

Ajoke ta sa hannu a goshi ta bi shi har ya shige bayan dutsen. Ta tambaya ko kullum yake wucewa, Iya ta ce sai sun saurara sun gani. Ta tambaya ko mutanen ciki suna ganin Saki, da abin da suke ci, da inda suke yin fitsari. Iya ta amsa wanda ta sani, ta ce sauran ba ta sani ba. Muka koma ciki, Ajoke ta ture kwanon doya gefe, ta jawo kujera kusa, ta ce a nuna mata inda ake taɓawa.